Ba "Maganar Gida" Ba Ce

'Yan uwa marubuta, sau nawa muka rubuta matar da miji ya kumbura wa fuska, ta je caji ofis, aka ce mata, "Maganar gida ce, je ki yi haƙuri"?

Tun 2015 aka sa hannu kan dokar VAPP da ta haramta dukan abokin aure. Amma wanda matar za ta tarar a bayan kanta kurtu ne, kuma abin da aka koya masa zai yi. Asusun tallafa wa 'yan sanda da aka kafa a 2019, horarwa na cikin aikinsa. A ware kaso a koya wa kurtu sauraron mace a keɓe, rubuta bayaninta da kai ta asibiti, kada ya miƙa ta ga wanda ya doke ta a daren.

Mu ma mu daina rufe labaranmu da "haƙuri".