Waƙa ɗaya tak: daga ƙaramin faifan garmaho zuwa TikTok

Kwanaki a majalisa wani abokina yake ta ƙorafi wai mawaƙan yanzu sun zama malalata, ba mai zama ya haɗa kundi, sai dai a saki waƙa ɗaya a zauna jiran ta fashe a TikTok. Na ce masa malam, wannan harkar ta girme mu gaba ɗaya.

A 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifan garmaho mai faɗin inci 7, mai juyawa sau 45 a minti ɗaya. Waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, shi ke nan. Shekara ɗaya kafin nan kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai cin waƙoƙi da yawa, amma shi akwai tsada. Ƙaramin kuwa ko ɗan makaranta zai iya tara kuɗi ya saya. Da haka matasa suka fara juya kasuwar, su ke zaɓar wanda zai yi tashe. Su Elvis Presley da The Beatles duk ta wannan hanya suka shigo.

Kuma faifan ya yi wa waƙa iyaka. Fuska ɗaya ba ta ɗaukar doguwar waƙa, gidajen rediyo ma sun fi son mai minti uku, dole mawaƙi ya kama kunnen mutum da wuri. Yau ma haka ne, sai dai igiyar ta ƙara tsukewa. Spotify ba ya lissafa an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, shi ya sa yanzu ake jefo amshi tun daga farko. "Old Town Road" ta Lil Nas X da ta girgiza duniya a 2019, ta asalin ba ta kai minti biyu ba. Mu ma nan, ku tuna yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina a 2020, waƙa ɗaya ce fa.

Abin da yake damuna shi ne bayan faifan, wanda muka rasa. Can ne mawaƙi yake ajiye waƙar da kamfani bai ɗauka da muhimmanci ba, kuma sau da yawa ita take zama zakara. "I Will Survive" ta Gloria Gaynor a bayan faifai ta fara fitowa a 1978. A Jamaika kuwa, bayan faifai zallar kiɗa ake sawa ba murya. Masu haɗa sauti irin su King Tubby suka riƙa sarrafa shi har aka samu salon dub, su U-Roy suna ɗora magana a kai. DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya kai irin wannan al'ada unguwar Bronx ta New York, inda hip-hop ya tsiro. Kun ga abin da aka raina ya haifar ke nan.

Wani zai ce ai faifan ya dawo. Gaskiya ne, a 2022 an sayar da faifan garmaho fiye da CD a Amurka, karon farko tun 1987. Amma yawanci manyan faifai ne masu tsada, na masu sha'awar tarawa, ba na yaro mai ɗan canji a aljihu ba.

Ni dai shawarata ga mawaƙanmu ba wai su koma buga garmaho ba ne. In za ka saki waƙar da kake sa ran za ta ci kasuwa, haɗa mana da ta biyu wadda ka yi don ranka, ko ka saki zallar kiɗan yara masu tasowa su gwada muryarsu a kai. In kowa daƙiƙa 30 kawai yake farauta, wa zai zo mana da sabon salo?