RA'AYI: Canjin baƙin mai kaɗai ba shi ne sabis ba

Duk wanda ya tsaya a ƙofar wata makarantar firamare a Abuja da ƙarfe bakwai da rabi na safe zai ga irin motar da magidanta masu matsakaicin ƙarfi suka fi yarda da ita. Ƙaramar jif ce, galibi Toyota RAV4 ko Honda CR-V. Tana da tsayin da za ta haye ramukan unguwa, tana ɗaukar mutum biyar da kayansu, kuma ba ta kai manyan jif-jif shan mai ba. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce kuma ke ɗaukar iyali kacokan zuwa gida idan Sallah ta zo. Sai dai idan ka tambayi mai ita yaushe rabonsa da yi mata sabis, amsar da za ka ji ita ce ranar da aka juye baƙin mai. A wurin yawancinmu ma'anar sabis ta tsaya nan, kuma wannan gurguwar fahimta ce take cinye mana injuna, wani lokacin har da rayuka.

Akasarin waɗannan motoci 'yan Kwatano ne ko 'yan Beljiyam, kamar yadda muke kiransu, wato sun yi shekaru suna aiki a Amurka ko Kanada kafin su iso mana. Littafin kula da su da aka rubuta wa can ya kasu gida biyu. Ga RAV4 mai injin lita 2.5 da ke amfani da siririn mai na 0W-20, Toyota ta ce a canza baƙin mai da filtarsa bayan mil 10,000 ko wata 12. Mutane sun haddace wannan adadi domin yana yi wa aljihu daɗi. Abin da ba a karantawa shi ne kashi na biyu, inda kamfanin ya rage wa'adin zuwa mil 5,000 ko wata 6 ga motar da ke aiki cikin mawuyacin yanayi. Ya kuma fayyace abin da yake nufi: bin hanya mai ƙura, ɗaukar kaya masu nauyi ko ɗora su a rufin mota, daɗewa inji na aiki mota na tsaye ko tana rarrafe, da gajerun tafiye-tafiye cikin sanyin ƙanƙara. In ka cire na ƙarshen, wanne ne bai shafe mu ba? Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba yana aiki a sakatariya, injinsa kan yi awa guda ko fiye yana ruri a cunkoson Nyanya alhali mitar tafiya ba ta ƙirga masa abin kirki ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Abin da littafin ya ɗauka a matsayin togaciya, shi ne rayuwarmu ta yau da kullum.

Akwai kuma wani ruɗani da ba a cika lura da shi ba. Mitar motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirge, mu kuwa da kilomita muke magana. Mil 5,000 ya kai kusan kilomita 8,000. Bakanike zai ce a dawo bayan dubu biyar, shi yana nufin kilomita, mai mota yana kallon mil, sai a wuce wa'adi da nisa kowa na ganin yana kan daidai.

Amma a ganina babbar ɓarnar tana cikin ruwayen da ba a taɓa tunawa da su. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali, kuma idan ruwa ya yi yawa a cikinsa yakan tafasa da wuri in birki ya ɗauki zafi. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Ranar da za ka sani ita ce ranar da kake gangarowa Hawan Kibo daga Jos da mota cike da iyali, ka taka birki ka ji ya yi laushi kamar soso. Shi ya sa Honda ta ce a canza shi duk shekara 3, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa canza shi gaba ɗaya, ban da ciko?

Haka zancen man giya yake. An yaɗa cewa na waɗannan motoci ba a canza shi har abada. Littafin RAV4 kuwa ya ce motar da ke jan kaya ko ɗaukar lodi a canza mata a mil 60,000, kuma duk wanda ya ga yadda ake danƙara buhunan shinkafa da doya a bayan jif ranar tafiya gida ya san a wane rukuni muke. Sannan kowace giya da irin manta: Toyota na da WS, Honda na da DW-1, CR-V ɗin da ta fito daga 2015 mai giyar CVT kuma HCF-2 take sha. Jan mai ɗaya da ake ɗura wa kowace mota a gefen titi shi ne mafarin kukan giyabos, kuma kuɗin sayen wani giyabos ɗin ya isa a yi sabis na shekaru.

Zancen lagireto ya fi ba ni takaici, domin a nan da kuɗinmu muke sayen lahani. Mota na sauka daga tirela, shawarar farko da ake bai wa mai ita ita ce, “Oga, a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, wannan na ƙasar sanyi ne.” Aikin tamostat shi ne ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In an cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara masa fetur, a lokacin da kowa ke kuka da tsadarsa. Daga nan sai a juye ruwan sanyaya inji na asali, wanda Toyota ta ce yana kai mil 100,000 kafin canjin farko, sannan duk mil 50,000, a maye gurbinsa da ruwan famfo ko na leda. Ruwan zalla ba ya hana tsatsa, kuma ya fi saurin tafasa.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba na raina shi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ƙarshen tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a gidajen man gwamnati ba; zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashin kayan gyara da na mai kyau. Magidancin da ke fama da kuɗin makaranta da na haya, idan ya ɗage sabis zuwa wani watan, ba sakarci ya yi ba. Su ma kanikawan Apo da ke ba da shawarar mai kauri irin 20W-50 suna da hujjarsu a kan injin da ya riga ya tsufa yana ƙona mai. Kuskuren shi ne mayar da maganin tsohon inji ya zama abincin lafiyayye, alhali ƙananan hanyoyin mai na injunan zamani siririn mai aka yi su domin shi. Kuma ɗage sabis bashi ne da ake biya da riba mai tsanani: wanda ya kasa sayen galan ɗaya na mai, ina zai samo kuɗin inji in ya buga?

Shawarata ga wanda ya sayi 'yar Kwatano ita ce ya ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba. Bai san tarihinta ba, kuma ba kowace mita ce ke faɗin gaskiya ba, tunda akwai masu mayar da ita baya. A makon farko ya canza baƙin mai da filta, da man birki, da ruwan lagireto, a duba man giya da na difaransha idan mai jan ƙafa huɗu ce, ya kuma sa sabuwar filtar iska, wadda a ƙasarmu ta cancanci a buɗe a duba a kowane sabis, musamman bayan hunturu. Ya sunkuya ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya kan tsufa ko da zanenta bai goge ba, abin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kai.

Daga nan sai ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye a aljihun gaban mota. Duk abin da aka canza a rubuta kwanan wata, da adadin da mita ta nuna, da sunan man da aka zuba. Bakanike na ganin motoci da dama a mako, ba zai tuna taka ba, kuma ba aikinsa ba ne ya tuna. Mai ɗin ma ka saya da kanka daga dila amintacce, a buɗe hatiminsa a gabanka, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Idan kuma fitilar gargaɗin inji ta kama, a sa na'ura a karanta abin da take faɗa. Kuɗin hakan bai kai na cika tanki ba, kuma ya fi liƙe ta da baƙin salatif kamar yadda na sha gani a motocin mutanen da ke ɗauke da 'ya'yansu a kujerar baya.