LAIFIN WAYA NE KO LAIFIN MASU MULKI?

Kwanakin nan duk taron da aka yi, da zarar babban mutum ya kama lasifika, sai ka ji ya hau yaran zamani da faɗa. Wai ba su da kunya, ba su da haƙuri, ba sa gaida na gaba, waya ta cinye musu hankali. Ya gama a tafa masa, ya shiga mota ya tafi, jama'a kuma su watse suna cewa Alhaji ya faɗi gaskiya.

To, mu ba mu ce duk ƙarya ce ba, gama muna da idanu. Mun ga yaro ana yi masa magana kansa na sunkuye. Mun ga yarinyar da ba ta iya dama kunu ba amma ta iya rawar TikTok. A 2024 mun ga samari majiya ƙarfi sun kwashe watanni suna dangwalar fuskar waya dare da rana, wai suna haƙar kuɗi a wani wasa mai suna Hamster Kombat, ranar biya kuwa abin da yawancinsu suka samu bai taka kara ya karya ba. Ga caca, ga jita-jita mai tashi daga Kano ta isa Maiduguri kafin a shafa fatiha. Duk mun sani. Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma warin daddawar nan mu ke so a shinshina yau.

Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001. Watau duk yaron da aka haifa daga wannan shekara zuwa yau bai san duniyar da ba waya ba. Tambayarmu ita ce, ban da wayar, me kuma ya tarar? Ya tarar da aji mai yara fiye da ɗari, malami ɗaya, ba benci, ba littafi. A 2022 hukumar UNESCO ta ce yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun kai wajen miliyan 20, kowa kuma ya san yankin da ya fi yawa cikinsu. Wanda Allah Ya taimaka ya shiga jami'a, a wannan shekara ta 2022 ya zauna gida tun daga Fabrairu har Oktoba saboda yajin aikin malamai. Wata takwas cur! Saurayi ɗan shekara 20, ba aji, ba aiki, ba ɗakin karatu a unguwa, filin ƙwallon ma an yanka shi an sayar, me a ke so ya riƙe in ba waya ba?

Ga wani abin mamaki. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta a ke yinta. Yaron ƙauye sai ya gama sakandare bai taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba, ranar jarrabawa a zaunar da shi gabanta. Ɗan abin da ya sani na latse-latse, a wayar yayansa ya koya, wadda a ke kaiwa shagon caji a biya domin ba lantarki. Ashe wayar da a ke zagi ita ta yi aikin da ma'aikatar ilimi ta kasa.

Ku je kasuwar Farm Centre a Kano ku ga yara suna kwance waya suna ɗaurawa, ba wanda Gwamnati ta koya wa, daga maigida sai YouTube. Ku dubi 'yan matan da ke sayar da turare da ɗinki ta WhatsApp ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Wanda bai iya rubutu ba ma yana aika saƙon murya, cinikinsa ya faɗa. Waɗannan duka da kuɗinsu su ke sayen data, ladan da suka samu kuwa shi ne a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari.

Mu dai abin da muka lura shi ne, ba tarbiyyar yaran nan ce ta hana manya barci ba. Abin da ya tsone musu ido shi ne yaron yau yana gani, kuma yana nunawa. Dā talaka sai abin da rediyon Gwamnati ta faɗa masa. Yau a ce an gina asibiti, kafin la'asar yaro ya ɗauki hoton kango ya watsa wa duniya. Ku duba lokutan da mahukunta suka tashi tsaye kan waya, ku gaya mana ko tarbiyya ce ta tashe su. A Yunin 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, nan da nan aka rufe dandalin, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar kotu, don sun yi wa gwamnan wancan lokaci shaguɓe a TikTok. Mai tallar caca kuwa yana nan yana cin kasuwarsa.

Sai kuma abin da ba za mu manta ba. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, an kwashi yara daga Kano da Kaduna da wasu wurare aka tsare kusan wata uku. Ran 1 ga Nuwamba aka kai su Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa, aka sa belin kowane ɗaya naira miliyan 10. Yara ne ƙanana, sun rame sun lalace, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Assha! Da a zamanin dā ne, da labarin ya mutu cikin ɗakin shari'a. Amma aka ɗauka a waya, duniya ta gani, kunya ta kama masu kunya, cikin kwana uku Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su. Wayar nan dai da a ke cewa ta lalata yara, ita ta fitar da su.

Saboda haka muna gaya wa masu hawa mumbarin taro, in da gaske a ke son raba yaro da waya, a ba shi abin da ya fi ta. A sa malami a aji a biya shi kan lokaci, a kawo lantarki, a sa kwamfuta mai aiki a kowace sakandare, ba ta ranar zuwan baƙi ba. Muna kuma son a fito a gaya wa jama'a, yaran nan da aka sako a Nuwamban 2024 aka ɗauki hoto da su, nawa ne cikinsu ke aji yau, kuma a wace makaranta.