Ina Kuɗin Tsaron Unguwa Suke Maƙalewa?

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina so mu yi wa gwamnati tambaya guda ɗaya, wadda in an amsa ta sauran magana ta ƙare. Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne aikin farko na gwamnati. To, me ya sa har yau mai unguwa ke bi gida-gida yana tara kuɗin 'yan sintiri daga hannun mai shayi da mai ƙosai?

Kada wani ya ce mini babu kuɗi. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa abin da ake kira "kuɗin tsaro", watau wanda gwamnoni da manyan jami'ai ke kashewa ba tare da an binciki lissafinsu ba, ya kai kimanin dala miliyan 670 a shekara. A 2019 aka kafa asusun tallafa wa 'yan sanda. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don fara shirin 'yan sandan al'umma. Ku raba wannan adadi ga ƙananan hukumomi 774, za ku ga kowace ta tashi da abin da bai wuce naira miliyan 17 da ɗoriya ba. Wannan shi ne rabon talaka. Babban kason yana can sama, inda ido ba ya kaiwa.

Alhali kuwa ɓarawo ba a fadar gwamnati yake ƙwace waya ba. A lungu mai duhu yake yi, kuma sau da yawa yaron unguwa ne wanda ya rasa makaranta, ya rasa sana'a, daba ta karɓe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan sintiri da tocila da gora shi ke kwana a waje, wani ya kwana da kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi!

Za a ce ai Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a 2024. Madalla. Amma bindiga maganin cutar da ta riga ta kama ce, rigakafi kuwa ya fi magani. Kuma ɗan sintirin da ba a horar ba, ba a biya shi ba, gobe shi ne abin tsoro.

Ni dai abin da nake nema uku ne. A ware kaso sananne daga kuɗin tsaro don fitilun titi, da horar da 'yan sintiri, da koya wa samari sana'a. A sa mazauna unguwa cikin masu yanke shawara, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'an nan a liƙa lissafin kowace naira a ƙofar sakatariya, kowa ya karanta.

Wanda ya ƙi na ukun nan, lalle akwai abin da yake ɓoyewa.