Jinjina ga mutum goma sha biyu na Brunswick

Ranar 24 ga Nuwamba, 2021, wasu mutum goma sha biyu masu taya alƙali shari'a a garin Brunswick da ke jihar Jojiya ta Amurka suka fito daga ɗakin shawara, suka ce sun sami mutum uku da laifin kashe Ahmaud Arbery. Goma sha ɗaya daga cikinsu farar fata ne, waɗanda ake tuhuma ma farar fata ne, mamacin kuwa baƙar fata ne ɗan shekara 25. Duk wanda ya san tarihin kudancin Amurka ya san nauyin wannan hukunci. A 1955, a Misisipi, masu taya alƙali shari'a, dukkansu fararen fata, sun wanke waɗanda suka kashe yaron nan baƙar fata Emmett Till bayan shawarar awa guda da 'yan mintuna. Mutanen Brunswick sun ƙi bin wannan sawu, kuma sun cancanci jinjina.

Mai karatu da ya saba da kotunan Najeriya, inda alƙali ke jin shaidu, ya auna hujja, ya yanke hukunci shi kaɗai, zai so ya san su wane ne waɗannan mutane. Talakawan gari ne da ake kira daga jerin sunayen mazauna yanki, babu ruwan kowa da ko sun karanci shari'a. An raba aiki biyu: su ne ke faɗin ko an aikata laifin, alƙali kuma ya tsare ƙa'idar zama, ya tantance hujjar da za ta shiga, ya bayyana musu doka, sannan galibi shi ke yanke girman horo. A babban laifi sai bakinsu ya zo ɗaya, mutum guda ya tirje hukunci ba ya fita. Ba sa kuma faɗin dalilinsu, saɓanin alƙalin da ke zaune shi kaɗai, wanda ake sa ran ya shimfiɗa hujjojinsa yadda kotun ɗaukaka ƙara za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne ƙarfin tsarin yake, a nan kuma hatsarinsa yake. Da wuya a saye mutum goma sha biyu ko a tsorata su gaba ɗaya, amma idan son zuciya ya haɗa kansu, ba takardar da za a ɗauko a kama su da ita.

Shi ya sa abin da suka yi ya burge ni. An gabatar musu da Gregory McMichael, tsohon ɗan sanda, da ɗansa Travis, da maƙwabcinsu William Bryan, waɗanda suka bi Arbery da motoci ranar 23 ga Fabrairu, 2020, yana gudu a unguwar Satilla Shores, har Travis ya harbe shi. Lauyoyinsu sun fake da tsohuwar dokar da ta ba farar hula damar kama wanda suke zargi, da kuma batun kare kai. Masu taya alƙalin suka nemi a sake nuna musu bidiyon kisan, suka bi hujja, suka ajiye zumuncin launin fata a gefe. A Janairun 2022 Alƙali Timothy Walmsley ya yanke wa mutum ukun ɗaurin rai da rai.

Sai dai yabon na mutanen ne, tsarin da ya zaunar da su bai samu ba tukuna. Baƙaƙen fata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna gundumar Glynn, inda Brunswick take, amma guda ɗaya tak ya samu kujera. Dalili shi ne kowane ɓangare na da damar cire wasu mutane ba tare da tabbatar da aibinsu ba, kuma lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun cire baƙaƙe 11 cikin 12 da suka kai matakin ƙarshe. Walmsley da bakinsa ya ce akwai alamun nuna bambanci da gangan, amma doka ta ɗaure masa hannu, tunda lauyoyin sun kawo dalilan da ba su ambaci launi ba. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Batson na 1986 da waɗanda suka biyo bayansa sun haramta cire mutum saboda launin fata, sai dai kauce musu ba shi da wuya. Akwai kuma kwana 74 da aka kwashe ba a kama kowa ba, sai da bidiyo ya bazu duniya ta yi caa. Da bai fito ba, da wataƙila shari'ar ba ta taɓa isa gaban kowa ba.

Jojiya ta yi wasu gyare-gyare: ta kafa dokar hukunta laifin ƙiyayya a 2020, ta soke waccan doka ta kamun farar hula a 2021. Madalla. Saura ƙofar da ake korar mutane ta cikinta babu hujja. Ingila ta hana lauyoyin waɗanda ake tuhuma wannan dama tun dokar 1988, jihar Arizona kuma ta soke ta ga kowane ɓangare daga Janairun 2022. 'Yan majalisa da manyan alƙalan Jojiya su yi koyi, don kada iyayen wani mamacin su dogara da sa'ar samun mutanen kirki irin na Brunswick.