Yawon Kwana Biyu a Kufan Turawa: Fa'idodi da Illoli

Mutumin Saminaka a ƙasar Birnin Gwari yana zaune ne tsakanin hedikwatoci biyu na mulkin mallaka. Idan ya bi ta Tegina zai faɗa Zungeru, inda Gwamna Lugga ya kafa mazaunin mulkin Arewa a 1902. Idan ya yi gabas kuma, ga Kaduna, wadda ta gaje ta bayan 1916. Kwana biyu sun isa a leƙa ɗaya daga ciki. Ko tafiyar ta cancanci wahalarta, wannan sai an auna.

Fa'idodi

Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya haddace sunan Lugga don jarrabawa kan ga abin da idon basira idan ya taka gadar ƙafa da aka gina a Zungeru a 1904, aka ciro ta a 1954 aka kafa a lambun Gamji da ke Kaduna. Ƙaramar gada ce ƙwarai, kuma ƙanƙantarta darasi ce: da 'yan kayan aiki kaɗan aka juya ƙasa mai faɗin gaske.

Wuraren Kaduna suna kusa da juna. Ginin Lugard Hall, inda Majalisar Dokokin jiha take zama yanzu, da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, duk ana iya zaga su a yini guda, kodayake shiga harabar majalisa sai da izini.

Tafiyar kan sa mutum ya waiwayi gida. Dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari kansa gadon wancan zamani ne: a 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, kafin ya zama gandun ƙasa a 1999.

Masu mota da masu abinci kan ɗan samu, ko da ba yawa.

Illoli

Babbar damuwa ita ce hanya. Titin Kaduna zuwa Birnin Gwari da yankin Tegina sun sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, zirga-zirga ta ƙaru, amma labarin hanya na sauyawa, kuma direbobin tasha sun fi kowa saninsa.

Gini na ba da labarin wanda ya sa aka gina shi ne kawai. Bango ba ya faɗin sunan talakawan da aka kwasa a ɗiban gwamna suka yi dakon dutse da shimfiɗa dogo, ba ya kuma ambaton Satiru, ƙauyen da aka tura wa sojoji daga Zungeru a 1906 suka share shi. Mai sauri kan ɗauki hoto ya dawo da sha'awar aikin Bature, alhali rabin zancen ya ji. Wannan ba laifin ginin ba ne, gajartar lokaci ce da rashin mai bayani.

Zungeru kuwa yawancinta kufai ne, ginshiƙai da harsashin gini a cikin ciyawa. Wanda ya kashe kuɗin mai yana tsammanin fada zai iya jin an cuce shi; mai son tarihi kuma wannan kufan ne ya kai shi.

Akwai kuma rashin daidaito. Ana ɗokin ginin da bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, ana wuce tsohuwar Birnin Gwari, wadda ta riga Lugga da nisa, kuma labarinta na bakin dattawan da kullum raguwa suke yi.