Zare: Mu gina gidaje inda jirgi yake tsayawa

1/ Jama'a, mu ɗan yi maganar haya. Kullum masu gida da dillalai muke zagi, kuma suna da nasu laifin. Amma akwai wani mai laifi da ba a cika ambata ba: dokar tsara birni, wadda ke faɗin gida nawa za a gina a fili ɗaya. Ku biyo ni. 🧵

2/ Bari in kawo misali daga Auckland, birni mafi girma a New Zealand. Shekara da shekaru dokarsu a yawancin unguwanni ita ce fili ɗaya, gida ɗaya. Mutane na ƙaruwa, gidaje ba sa ƙaruwa yadda ya kamata. Haya ta yi tashin gwauron zabi, matasa suka koma bayan gari.

3/ A 2016 suka sauya tsarin. Kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama na birnin aka ba su damar ɗaukar gidaje fiye da da. Inda da gida ɗaya ne, yanzu za ka iya jera gidaje ko ka ɗora bene, musamman kusa da tashoshi da tsakiyar unguwanni.

4/ Me ya biyo baya? Masu bincike a Jami'ar Auckland sun ƙiyasta cewa cikin shekara biyar an ba da izinin ƙarin gidaje sama da 20,000 saboda wannan sauyi. Haya ba ta faɗi warwas ba, amma hawanta ya yi sanyi idan aka kwatanta da sauran biranen ƙasar.

5/ A 2020 gwamnatin ƙasar ta ƙara gaba. Ta umarci manyan birane su yarda da bene aƙalla hawa shida a wuraren da za a taka da ƙafa zuwa tashar jirgi ko tsakiyar gari. Ta kuma soke tilasta wa mai gini ya ware wurin ajiye mota.

6/ Hikimar a fili take. Idan an kashe maƙudan kuɗi an gina tasha, filin da ke kewaye da ita ya zama mafi daraja a garin. Ka bar gida goma masu katanga su cinye shi, mutum ɗari ne suka amfana. Ka bari a yi benaye, dubbai za su fito da ƙafa su hau jirgi.

7/ To, mu dawo gida. Abuja na da jirgin cikin gari. Buhari ya ƙaddamar da shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, Tinubu ya sake buɗe shi a watan Mayun 2024. Tashoshi 12, har da Idu, Kukwaba, Wupa, Kagini, Gbazango da filin jirgin sama.

8/ Yanzu ku tambayi kanku: ma'aikatan Abuja a ina suke kwana? Nyanya, Mararaba a Nasarawa, Suleja a Neja, Gwagwalada. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Mararaba da safe ya san cunkoson. Jirgi na can, jama'a na nan, wasu tashoshin kuma fili ne fetal a gefensu.

9/ A ganina wannan asara ce sau biyu. Jirgin bai samu fasinjan da zai riƙe shi ba, ƙaramin ma'aikaci kuma yana zuba albashinsa a kuɗin mota, musamman tun cire tallafin mai a 2023. Ga awannin da hanya ke ci kullum, waɗanda ba sa dawowa.

10/ Na san abin da wasu za su ce: "Mu ba al'adarmu ba ce zaman bene, na sama zai riƙa leƙen tsakar gidan maƙwabci." Wannan damuwa ce ta gaske, sirrin iyali ba abin wasa ba ne. Amma magini na iya magance ta: inda taga ke kallo, tsayinta, tazara tsakanin gini da gini. A rubuta a doka.

11/ Wasu za su ce ruwa fa, wuta fa? Wa zai hau hawa shida da jarka? Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce mu kwafo hawa shida ido rufe ba. Hawa uku ko huɗu ba ya buƙatar lif. Kuma jan bututu zuwa gida ɗari a wuri ɗaya ya fi arha kan bin su ɗaya-ɗaya a daji.

12/ Sai tsoron rushewar gini, wanda mun sha gani a ƙasar nan. Maganinsa injiniya ya duba ƙarfe da siminti da tushe, a hukunta mai ha'inci. Hana bene gaba ɗaya saboda wasu sun yi algus kamar hana tuƙi ne don wani ya yi hatsari.

13/ Kar kuma mu yaudari kanmu, siyasa na ciki. A New Zealand manyan jam'iyyu biyu sun haɗu a 2021 suka yarda da gida uku masu hawa uku a yawancin filaye. Zuwa 2023 jam'iyyar National ta janye. Masu gida suna da murya, suna zuwa taro. 'Yan haya ba sa zuwa.

14/ Nan ne abin ya shafe mu. Mu da ke jami'a yanzu, gobe mu ne masu neman ɗaki bayan bautar ƙasa, mu ne masu son aure amma kuɗin haya na shekara ya tsaya mana a wuya. Inda aka yarda a yi gini yau shi zai yanke inda za mu kwana nan da shekara goma.

15/ Buƙatata ga hukumar babban birnin tarayya: filayen da ke tafiyar minti goma a ƙafa daga kowace tasha a ware su don benaye masu gidaje da yawa, shaguna a ƙasa, izini cikin sauri. Wanda ya riƙe fili bai gina ba yana jiran ya yi tsada, a karɓe. Kano da Kaduna ma su yi wannan lissafin tun kafin su shimfiɗa nasu layin.

16/ 'Yan Abuja, ku faɗa min: minti nawa ne daga gidanku zuwa tashar jirgi mafi kusa, kuma kun taɓa hawa? Ina jiran ku a ƙasa. 👇